Abin Da Manhajar Binciken Wi-Fi Ke Gani Da Abin Da Ke Ɓoye Mata

Duk wanda ya zuba data mai yawa a MiFi ko rauta, ya ga ta ƙare tun wata bai raba ba, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne wani yana ja masa. Shawarar da ake yawan ba shi ita ce ya sauke Fing a waya, ko Angry IP Scanner ko Advanced IP Scanner a kwamfuta, ya danna maɓalli ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙu jerin na'urori zai fito, kowace da lambarta, wasu har da sunan kamfanin da ya ƙera su. Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawar CBT kuwa Nmap suka fi ɗauka, manhajar da Gordon Lyon ya fitar a mujallar Phrack a 1997, wadda har yau ita ce uwa a wannan fage. Kayan aiki ne masu kyau, ba na ƙin su ko kaɗan. Damuwata tana kan yadda ake karanta jerin da suke fitarwa. Mutane suna ɗaukarsa tamkar ƙidayar duk abin da ke kan layinsu, alhali jerin waɗanda suka amsa kira ne kawai, a wannan daƙiƙar, daga wurin da mai kiran yake tsaye.

Kamar mutum ne ya tsaya a zaure ya yi sallama, yana ƙirga muryoyin da suka amsa. Mai barci ba zai amsa ba, wanda ke can sashen baya ba zai ji ba, wanda ya shigo gidan a ɓoye zai yi shiru, wani kuma zai amsa da sunan da ba nasa ba. Kusan duk gazawar waɗannan manhajoji daga nan take fitowa, kuma mafi yawanta ba kuskuren masu rubuta su ba ne. Haka aka gina hanyoyin sadarwar tun asali.

A gida ko ƙaramin ofis, rauta kan raba adireshi daga wani rukuni mai lamba 256, misali 192.168.1.0 zuwa 192.168.1.255, inda 254 ne ake iya bai wa na'urori. Manhajar tana bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Tsohuwar hanyar tambayar ita ce ping, wadda Mike Muuss ya rubuta a 1983: a aika ɗan saƙo, a jira a ga ko zai dawo. Sai dai katangar tsaron Windows, wadda aka fara kunna ta kai tsaye tun 2004, ba ta barin kwamfuta ta amsa irin wannan saƙo idan an ɗauki layin a matsayin na jama'a. Kwamfutar tana kunne, mai ita yana kallon bidiyo da datarka, amma ga manhajar da ta dogara da ping kaɗai babu kowa a wannan lambar.

Shi ya sa manhajoji masu inganci suka fi dogara da ARP, tsarin da David Plummer ya rubuta a 1982. A nan tambayar ita ce: wa ke riƙe da lamba kaza, ya faɗi adireshin MAC ɗinsa, wato lambar shaidar da allon sadarwa na kowace na'ura ke ɗauke da ita. Wannan tambaya tana da wuyar kaucewa, domin na'urar da ta ƙi amsa ta ko daga rauta ce ba za ta iya karɓar komai ba. Amma ARP tana da iyaka mai tsauri: ba ta ƙetare rauta. Shela ce da ake yi a cikin yanki guda, kuma rauta ba ta ɗaukar shela daga wannan yanki ta kai wancan.

Wannan iyakar ta fi kowace tasiri a irin yadda muke haɗa intanet a nan. Tun da Starlink ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, ya zama ruwan dare a ga kwano ɗaya yana ciyar da gidan haya ko ɗakunan ɗalibai ko jerin shaguna. Ana jawo waya daga babbar rauta zuwa wata ƙarama, wani ma ya ƙara ta uku. Kowace rauta da aka jona ba tare da an canza mata tsari ba tana buɗe nata rukunin adireshi, ta ɓoye duk waɗanda ke bayanta a ƙarƙashin lambarta guda. Mai layin zai yi bincike daga babbar rauta ya ga na'ura takwas, hankalinsa ya kwanta, bai san ɗaya daga cikin takwas ɗin rauta ce mai ɗauke da waya talatin a bayanta ba. Haka ma idan wani ya shiga Wi-Fi da wayarsa, sannan ya jona ta da kwamfuta ta kebul ya raba mata intanet: a jerin, waya ɗaya za a gani. Na'urorin ƙara zangon Wi-Fi su ma suna da nasu rikicin, domin da yawansu kan sauya adireshin MAC na waɗanda ke bayansu, ko su gabatar da su duka da adireshi guda. A manyan ma'aikatu kuma da gangan ake yanka layi gida-gida da tsarin VLAN, ta yadda kwamfutocin akanta ba sa jin shelar kwamfutocin ɗalibai, ko da kuwa duk wayoyinsu a akwati ɗaya suke haɗuwa.

Akwai kuma abin da otal-otal da wuraren shan shayi na zamani da layin baƙi na rautocin gida ke yi, wato hana na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗaya yin magana da juna. Kowa yana iya kaiwa ga rauta ya fita intanet, amma ba ya iya kaiwa ga maƙwabcinsa. Wanda ya yi bincike a irin wannan layi zai ga kansa da rauta kawai, ko da mutum ɗari ne a kai. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: rautar da aka saita ta riƙa amsa tambayar ARP a madadin wasu za ta amsa kowace lamba, sai manhaja ta nuna cewa dukkan 254 suna da rai. Nmap har tana da umarni na musamman don kashe binciken ARP saboda wannan yanayin.

Bayan iyakar wuri sai ta lokaci. Waya idan allonta ya mutu takan rage aikin rediyonta don tattalin batir, tana farkawa jefi-jefi ta duba ko an ajiye mata saƙo. Manhajar bincike ba ta jira sosai a kan kowace lamba, don in ta jira mai amfani da ita zai gaji. Wayar da ta makara da amsa an wuce ta ke nan. Yi bincike sau biyu a jere, sau da yawa adadin zai bambanta. Wanda kuma yake jan datarka da tsakar dare, lokacin da kake barci, ba za ka same shi a binciken la'asar ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne wayar da suke binciken da ita ma an ɗaure mata hannu. Apple ta toshe wa manhajoji hanyar karanta adireshin MAC na sauran na'urori tun iOS 11 a 2017, kuma daga iOS 14 a 2020 sai mai waya ya ba da izini kafin manhaja ta taɓa na'urorin da ke kan layin gida. Google ta rufe fayil ɗin da manhajoji ke leƙawa su ga teburin ARP, wato jerin adireshin na'urorin da suka amsa, a Android 10 na 2019. An yi haka ne don kare sirrin jama'a, domin kamfanonin talla sun daɗe suna amfani da waɗannan bayanai wajen gane gidan mutum da abin da ya mallaka, kuma a ganina matakin daidai ne. Amma sakamakonsa shi ne binciken da aka yi da waya ya fi wanda aka yi da kwamfuta rauni nesa ba kusa ba. Ko a kwamfutar ma, Nmap ba ta iya amfani da dabarunta mafi ƙarfi sai an ba ta cikakken iko na mai kula da na'ura.

To, a ce na'ura ta amsa. Wace ce ita? A nan ne aka fi yin kuskuren da ke jawo rigima tsakanin mutane.

Adireshin MAC lamba ce mai bit 48, kuma a al'ada rabin farko na nuna kamfanin da IEEE, hukumar da ke raba waɗannan lambobi, ta ba wannan rukuni. Daga nan manhaja ke samo sunan da take rubutawa. Sai dai sunan na wanda ya ƙera ɗan allon Wi-Fi ne da ke cikin na'urar, ba lallai ya zama sunan da ke jikin kwalinta ba. Kwamfutar HP tana iya fitowa da sunan Intel ko Realtek. Kwan lantarki ko soket mai Wi-Fi sau da yawa yakan fito da sunan Espressif, wani kamfani na Shanghai da ke ƙera allon da dubban ƙananan kayayyaki ke amfani da shi. Mai gida zai ga sunan da bai taɓa ji ba, ya ce ga ɓarawon, alhali kayan da ya saya da kuɗinsa ne.

Wayoyin zamani ma sun daina faɗin adireshinsu na gaskiya. Daga Android 10 da iOS 14, waya tana ƙirƙiro adireshin MAC na daban ga kowane Wi-Fi da ta shiga, don kada a riƙa bin sawunta daga kasuwa zuwa filin jirgi zuwa ofis. Irin wannan adireshi ba shi da sunan kamfani, shi ya sa jerin yau ya cika da na'urorin da aka rubuta ba a san su ba. Akwai ɗan abin da ake ganewa da shi: idan harafi na biyu na adireshin ya kasance 2 ko 6 ko A ko E, to ƙirƙirarre ne. Wannan yana gaya maka cewa wataƙila waya ce ko kwamfutar hannu, amma ba ya gaya maka ta wace ce. Wayar matarka da ta ɗan maƙwabci duk kamanninsu ɗaya a jerin. Kuma idan rautarka tana watsa suna biyu, ɗaya na 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, waya guda za ta iya bayyana da adireshi biyu. Dabarar da wasu ke taƙama da ita ta toshe mutum ta adireshin MAC ita ma ta yi rauni saboda wannan dalili: ɗan canji kaɗan a saitin waya ya isa ta dawo da sabuwar fuska.

Sunayen da ake gani kamar "wayar Abba" ko "firintar ofis" kuwa, na'urar ce da kanta ke faɗin su, ta hanyar DHCP, tsarin rabon adireshi, lokacin da take neman adireshi, ko ta wasu hanyoyin shela kamar mDNS da SSDP da NetBIOS. Babu wanda ke tantance su. Duk mai son ɓoyewa zai iya sa wa kwamfutarsa sunan talabijin. Hasashen irin manhajar da ke tafiyar da na'ura, ko Windows ce ko Linux, shi ma kintace ne da ake yi ta kwatanta salon amsarta da wani kundi na samfura, kuma Nmap tana buƙatar aƙalla ƙofa (port, wato mashigar saƙo mai lamba a cikin na'ura) ɗaya buɗaɗɗiya da ɗaya rufaffiya kafin kintacen ya yi ƙarfi. Abin da nake so a riƙe shi ne, jerin nan ba hujja ba ne da za a tuhumi ma'aikaci ko ɗan haya ko maƙwabci da ita. Zumunci ya fi ƙarfin a ɓata shi a kan layi ɗaya da manhaja ta rubuta "ba a sani ba".

Batun ƙofofi ya fi shafar masu aikin tsaro. Kowace na'ura tana da ƙofa 65,535 na TCP da wasu 65,535 na UDP (manyan hanyoyi biyu na aika saƙo a intanet) da wata hidima za ta iya saurare a kansu. Idan ba a ba ta wani umarni ba, Nmap ƙofa 1,000 da aka fi amfani da su take dubawa, kuma na TCP kaɗai. Duk hidimar da aka ɗora a wata lamba ta daban ta tsira. UDP ta fi wahala, domin ƙofar da ke buɗe sau da yawa shiru take yi, ƙofar da katangar tsaro ta tare ita ma shiru take yi, manhajar ba ta iya rarrabewa. Ƙofar da ke rufe ce kaɗai ke maido da saƙon cewa babu kowa, kuma Linux kan taƙaita wannan saƙo zuwa ɗaya a daƙiƙa. Lissafin a fili yake: duba dukkan ƙofofin UDP na na'ura guda zai ci fiye da awa 18. Kusan babu mai yin haka, don haka yawancin rahotannin da ke cewa an duba an ga komai lafiya, ɓangare ne kawai aka duba. Ko inda aka gano hidima, lambar sigarta na iya ruɗarwa. Debian da Red Hat, masu fitar da nau'o'in Linux, suna toshe ɓaraka a cikin tsohuwar siga ba tare da sun canza babbar lambarta ba, sai manhaja ta yi ta kururuwar haɗari a kan abin da aka riga aka gyara.

IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, ya rushe dabarar bin lamba ɗaya bayan ɗaya gaba ɗaya. Ƙaramin yanki guda a wannan tsari yana da adireshi 18,446,744,073,709,551,616. Ko da ana tambayar miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, za a shafe fiye da shekara 580,000 kafin a gama. Akwai hanyoyin yanke, kamar aika saƙo ga adireshin ff02::1 da ke kiran kowa a yankin, ko sauraren hirar da na'urori ke yi da rauta, amma ba kowace na'ura ke amsa kiran gama-gari ba, kuma da yawa suna sauya adireshinsu lokaci-lokaci. Ƙananan manhajojin waya galibi tsohon tsarin, wato IPv4, suka fi mayar da hankali a kai. Na'ura tana iya kasancewa a kulle ta wannan gefe, a buɗe ta wancan, mai binciken bai leƙa ba.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar da ke yawo cewa idan mutum ya sauka a otal ko gidan haya na 'yan kwanaki, ya yi binciken Wi-Fi don gano ɓoyayyiyar kyamara. Idan an ga kyamara a jerin, madalla, an gano. Amma rashin ganinta ba ya nufin komai. Kyamarar da ke ajiye hoto a katin memori ba ta kan kowane layi. Wadda ke da nata sim tana fita ta layin kamfanin waya kai tsaye. Wadda ke kan Wi-Fi na mai gidan, alhali baƙo an ba shi layin baƙi, tana can wani yanki da shela ba ta kaiwa. Na'urorin Bluetooth da Zigbee ma ba su da adireshin IP balle a tambaye su. Mace da ta ga jerin ya fito babu abin zargi, ta saki jiki a kan haka, an ba ta kwanciyar hankalin da ba shi da tushe, kuma waɗanda ke yaɗa shawarar ba tare da wannan gargaɗi ba suna da alhaki. Duba ɗaki da ido, musamman abubuwan da ke fuskantar gado da banɗaki, ya fi wannan binciken amfani. Haka nan mai saurare kawai, wanda ya sa allon Wi-Fi ɗinsa yana kwasar abin da ke yawo a iska ba tare da ya aika komai ba, babu manhajar bincike da za ta gan shi, domin bai taɓa shiga layin ba.

Shi kansa binciken ba koyaushe yake wucewa lami lafiya ba. Firintoci da yawa suna buga duk abin da aka aika wa ƙofarsu ta 9100, shi ya sa Nmap ke tsallake wannan ƙofa yayin gwajin siga, don kada firinta ta yi ta fitar da takardu cike da shirme. A masana'antu abin ya wuce asarar takarda. Jagorar tsaron na'urorin masana'antu ta hukumar NIST ta Amurka, mai lamba SP 800-82, ta kawo labarin wani wuri da binciken ping ya sa hannun wani mutum-mutumin inji mai tsawon kusan mita 3 ya juya digiri 180, Allah ya kiyaye mutumin da ke ɗakin yana nesa da shi. Ta kuma kawo wani inda irin wannan bincike ya daskarar da na'urar da ke sarrafa aiki a masana'antar ƙera kayan lantarki, aka yi asarar kaya na dala 50,000. Tsofaffin na'urorin asibiti da na tashoshin ruwa da lantarki an ƙera su ne da zaton babu wanda zai aika musu saƙon da ba su saba da shi ba. A irin waɗannan wurare ƙwararru sun fi son sauraren zirga-zirgar layin ba tare da taɓa kowa ba, duk da cewa ita ma wannan hanyar ba ta ganin na'urar da ta yi shiru a lokacin sauraren. Ga ɗalibin da ke koyon Nmap kuma, layinsa ko wanda aka ba shi izini a rubuce shi ne filin gwajinsa. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma mai kula da layin da ya ga ana ƙwanƙwasa masa ƙofofi ba zai tsaya tambayar niyya ba.

Ga mai MiFi ko rautar gida, wurin da ya fi dacewa ya duba shi ne rautar kanta. Duk na'urar da ke kan Wi-Fi dole ta ƙulla da ita, ko tana amsa ping ko ba ta amsawa, ko tana barci ko tana farke. Shafin saitinta, wanda a yawancin MiFi na Huawei yake a 192.168.8.1, a wasu rautocin kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, yana nuna waɗanda suke haɗe, wasu ma har da yawan datar da kowa ya ci. Wannan adadin na data shi ne ke tona rautar da ke ɓoye mutane a bayanta, domin na'ura guda da ke cin rabin kuɗin wata abin tambaya ce. Sau da yawa ma za a tarar ba ɓarawo ba ne: kwamfuta ce ke sabunta Windows, ko waya ke loda hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet da zarar ta ji Wi-Fi. A ofis kuwa, ana haɗa rajistar DHCP da teburin adireshi na na'urorin rarraba layi da binciken da ake maimaitawa a lokuta daban-daban daga kowane yanki, kuma inda hali ya yi a sa tsarin 802.1X da ke bai wa kowane ma'aikaci nasa mabuɗin.

Idan zargin ya tsananta, canza kalmar sirri ya fi kwana ana nazarin jeri. A sa mai tsawo a kan tsarin kulle Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS (hanyar shiga da danna maɓalli ko lambar PIN), a canza kalmar shiga shafin rautar ita ma, sannan a mayar da na'urorin gida ɗaya bayan ɗaya ana rubuta adireshin da kowace ta fito da shi. Ta haka ne mutum ke samun jerin da ya san ma'anar kowane layi a cikinsa. Sai dai tun Android 10, wayar Android da ke kan Wi-Fi tana iya nuna lambar QR da wani zai ɗauka ya shiga ba tare da an furta masa kalmar ba. Saboda haka yara da baƙi da kwastomomi a ba su layin baƙi mai tasa kalmar ta daban, wadda za a iya sauyawa duk mako ba tare da an taɓa firinta da talabijin da kwamfutar aiki ba.